Tankin Bayan Ɗakin Gwaggo

In ka tambayi mutanen gidan wace ce Gwaggo, ba za su ɓata maka lokaci ba. Matar Manaja za ta ce tsohuwa ce mai tsabta, sai dai hancinta ya yi yawa, tana jin ƙaurin abincin da ba a ma ɗora ba. Manaja zai yi dariya ya ce ai Rediyo ke nan, tasha ɗaya gare ta, kuma ba ta da wurin kashewa. Yayanta, wanda shi ne mahaifin Manaja kuma babban gidan, ba ya tanka wa sai an matsa masa, sannan ya ce tun suna yara haka take, in ta kama magana ba ta saki. Mutanen layi kuwa abu ɗaya suka sani: in kana son karin wandonka ya tsaya tun safe har ka dawo daga aiki, kai wa Gwaggo mai guga.

Maganar da ta kama ɗin ba wata mai tsawo ba ce. Cewa take yi tankin fetur da Manaja ya girke a bayan ɗakinta yana shigo mata ɗaki.

Ƙaton tanki ne na ƙarfe, an kwantar da shi a kan bulo, gefensa na gogar bangonta. In rana ta buge shi, tana jin yana ƙara kamar mai miƙa. Manaja ya shafe shi da shuɗin fenti don duk wanda ya leƙo ya ɗauka na ruwa ne, kuma daga nan yake ɗura wa masu babur da masu janareto a jarka ta ƙofar baya. Ɗakin Gwaggo shi ne mafi kwari a gidan, sai ka sauka kafin ka shiga. Kwatar gidan ta gindin bangonsa take bi, ta ratsa tsakar gida a rufe, ta ɓulla a bakin ƙofar waje. Katifarta a ƙasa take, don ita ba ta taɓa sabawa da gado ba.

Ba za a ce Manaja bai san abin da yake yi ba. Ya daɗe yana aiki a gidan mai kafin ya tsaya da ƙafarsa, can ma ya samo sunan, kuma dokokin ajiye fetur a bakinsa suke kamar karatu. Ranar da aka kawo tankin shi da kansa ya tara mutanen gida ya jero musu: tanki yana son nesa da ɗakin kwana, yana son inuwa, yana son bututun numfashi da ya ɗara rufin gida tsawo don tururin ya tafi sama, yana son bokitin yashi da tukunyar kashe gobara a kusa, kuma ba ya son ganin wuta. Gwaggo ta saurare shi har ya gama, sannan ta tambaye shi wane nesa yake nufi, tunda ga shi a jikin bangonta. Ya ce na ɗan lokaci ne, kafin ya sami fili.

Da farko bututun a miƙe yake, ya wuce kwanon rufi. Sai mutanen gidan benen da ke maƙwabtaka da su suka fara gunaguni, wai wari na shigar musu ta taga. Wani kuma ya tsokani Manaja, ya ce bai taɓa ganin tankin ruwa mai dogon hanci haka ba. Washegari mai walda ya zo. Gwaggo na tsaye a tagarta aka kwance bututun, aka kai shi waje aka lanƙwasa, aka dawo da shi bakinsa na kallon ƙasa, aka cusa a cikin kwata aka rufe da sulab na siminti. Mutanen bene suka daina magana. Tun daga ranar Gwaggo ta fara tashi da ciwon kai.

Ta aika a kira mata shi. Ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, hannu ɗaya a jikin ƙyaure, ya ɗaga kai ya shaƙi iska kamar mai ɗanɗana miya.

"Ni dai ban ji komai ba, Gwaggo."

Ta ce ya shigo ya zauna. Ya ce masu babur na jiransa. Yana juyawa idonsa ya faɗa kan rishonta a kusurwa, ya tsaya, ya ce yanzu da wannan take dafa shayi, tanki na bayan bango? Ya sunkuce rishon ya fita da shi. Ya ce don lafiyarta ne.

Haka abin ya riƙa tafiya. Duk lokacin da ta buɗe baki a kan tankin, wani abu nata ne ke barin ɗakin. Bayan risho sai ashana. Bayan ashana ya kawo mai gyaran wuta ya yanke wayar ɗakin, wai makunnin ƙwan yana tartsatsi. Ruwan zafinta na safe ya koma sai matar Manaja ta ga dama ta dafa, ya iso da ɗumi-ɗumi, wani lokaci har rana ta take. Daga ƙarshe ya zo kan dutsen guga. A ƙofar ɗakinta ta saba hura gawayi, a inuwa, kusa da igiyar shanya. Manaja ya ɗauki teburin da kansa ya kai shi can bakin ƙofar waje, inda rana ke kwana, ya ajiye dab da bakin kwata. Ya ce nan ne mafi nisa da tanki a duk gidan, shi ya auna da idonsa.

Ba ta yi musu ba. Ta ɗaura tsohon zane a jikin ƙusa ya zame mata inuwa, ta ci gaba da aikinta.

Sai dai kayan mutane a ɗakinta suke kwana, don ba ta da inda za ta ajiye su. Wata safiya Malama, wadda ta fi kowa daɗewa tana kawo mata guga, ta dawo da riga a hannu tana ta kame-kame. Ta ce Gwaggo kada ta ji haushi, amma jiya tana shiga aji yara suka fara toshe hanci, har wata ta tambaye ta ko ta koma sayar da mai ne. Gwaggo ta karɓi rigar ta kai hancinta. Ita ba ta ji komai ba, kuma wannan ne ya tsorata ta, don ta gane hancin da ake yi mata gori a kansa ya fara mutuwa. Ta ba Malama haƙuri, ta sake wanke rigar, ta roƙi maƙwabta ta shanya a gidansu. Tela ma ya aiko da irin wannan ƙorafi, ta ba shi haƙuri. Direban motar asibiti bai yi ƙorafi ba, shi dai ya daina kawowa, kuma da suka haɗu a hanya ita ce ta ba shi haƙuri. A gidan nan kaf, ita kaɗai ce ke ba da haƙuri a kan tankin, ita da ba ta taɓa riƙe mazurari ba.

Tari ya biyo bayan ciwon kai. In ta miƙe daga katifa sai ɗakin ya juya, ta dafa bango ta jira ya tsaya. Mai kemis ɗin bakin titi ya saurari ƙirjinta, ya yi mata tambayoyi, ya ce babu ƙwayar da zai ba ta da ta fi ta daina kwana a ɗakin. Ta dawo ta faɗa wa Manaja. Ya ce mai kemis ne likita yanzu? Tsufa ne kawai, kowa zai je.

Ta sami matarsa a kicin. Matar ba muguwa ba ce, ta ajiye wuƙa ta saurare ta, har ta ce wayyo. Amma ta ce ita me za ta ce, ai Gwaggo ta san halin ɗanta, in ta sa baki sai ya ce sun haɗa kai. Ta shiga ɗakinta, wanda ke can kan tudu a ɗaya ƙarshen gidan, ta fito da kwalbar turaren fesawa da ta kusa ƙarewa, ta ce Gwaggo ta riƙa fesa wa labule. A hanyar komawa Gwaggo ta ga bokitin yashin nan da aka ajiye ranar farko: an zubar da yashin, an jiƙa kayan wanki a ciki. Jar tukunyar kashe gobara tana rataye a bango ta yi ƙura. Ta sa gefen zanenta za ta goge, sai ta ji ta ɗagu a hannunta sakayau kamar ƙwarya. Da ta faɗa wa Manaja, ya juya wajen masu babur ya ce ku ji, an kama tasha.

Yayanta ta bari na ƙarshe, don ta san in shi ma ya ƙi, babu saura. Ta same shi a kujerarsa ta ƙarƙashin rumfa, ta zauna a gefe, ta faɗa masa komai daki-daki, ba ta ɗaga murya ba. Ya saurare ta har ta gama. Sannan ya ce ta duba, yaron nan shi ke riƙe da gidan. Abincin da suke ci su duka daga tankin nan yake fitowa, har da maganin ƙafarsa. Ya ce in ya matsa masa ya yi fushi ya kwashe iyalinsa ya bar gidan, wa zai riƙe su? Ta ce to a ba ta ɗakin kaya ta koma. Ya ce ai jarkoki ne cike a ciki.

"Yaya, numfashi fa nake nema, ba gado ba."

Ya ce ta ƙara haƙuri, ai an ce na ɗan lokaci ne. Ya miƙa hannu ya ƙara wa rediyonsa murya.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne. Tankar mai ta shigo lungun baya da baya-baya, aka ja tiyo ta ƙaramar ƙofa. Gwaggo na bakin ƙofar waje, ta hura gawayi ya yi ja, farar rigar Malama shimfiɗe a kan tebur. Da Manaja ya zo wucewa ta tsayar da shi, ta tambaye shi ko ta kashe garwashin har a gama juye. Ya ce daga nan zuwa can? Ta yi aikinta kawai, shi ya san nisan da doka ta ce.

Abin da bai tsaya ya tuna ba, ko ya tuna ya kawar da kai, shi ne duk man da ya shiga tanki sai ya koro tururin da ke ciki, kuma hanya ɗaya tururin ke da ita: bututun da ya lanƙwasa. Tururin fetur ba ya tashi sama kamar hayaƙi, nauyi gare shi, ƙasa yake bi kamar ruwa. Ya gangara cikin kwata, ya ratsa tsakar gida a ƙarƙashin sulab, ya fito a daidai ƙafafun Gwaggo.

Duk da hancinta ya dushe, wannan kam ta ji shi, har idonta ya kawo ruwa. Ta sunkuya ta ɗauki kaskon garwashin da hannu biyu don ta fitar da shi waje. Ba ta kai ga miƙewa ba. Wani abu ya ce fuu, iska ta zama wuta, ta ga shuɗin harshe ya shige kwata a guje ya nufi cikin gida. Zanenta ya kama. Ta riƙa bugunsa da tafin hannu, ba ta ma san hannun na ci ba.

Allah ya taƙaita. Direban tankar ya rufe kan mai da sauri, ya jiƙa buhu ya danne bakin bututun inda wuta ke fita. Wani ya ciro jar tukunyar ya matsa, ko tari ba ta yi ba, ya yi jifa da ita. Maƙwabta ne suka kwaso ƙasa daga wani gini da ake yi a layin suka binne kwatar. Sa'ad da ake ɗaukar Gwaggo zuwa mota, an naɗe ta da bargo, kunnenta na aiki sarai. Ta ji muryar Manaja a tsakar gida, sama da ta kowa.

"Ku tambayi kowa a gidan nan, sau nawa na hana ta kunna wuta? Ba ta jin magana!"

A asibiti wannan maganar ce ta riƙa zuwa duba ta, a bakin mutane daban-daban. Wata ta ce Allah ya kiyaye gaba, amma Gwaggo a riƙa jin maganar yara, su suka san zamani. Wani ya ce ai tsofaffi da wuta sai a hankali. Yayanta ya zo ya zauna a bakin gado, ya kalli hannayenta biyu a naɗe da bandeji kamar damin auduga, ya ce ƙaddara ce, ya sake cewa ƙaddara ce. Da Malama ta zo, Gwaggo ta fara ba ta haƙurin rigar da ta ƙone. Malama ta ce don Allah ta yi shiru, ta juya baya tana share ido. Nas ɗin da ke wanke ciwon ta faɗa mata gaskiya: hannun zai warke, amma yatsun dama ba lalle su sake damƙe abu mai nauyi ba. Gwaggo ta tambaye ta ko dutsen guga yana cikin abu mai nauyi. Nas ta ci gaba da naɗa bandeji.

Da aka sallame ta, ɗakinta aka mai da ita, don babu wani. Tankin na nan, shuɗin fentinsa ko tabo bai yi ba. Bututun na nan a lanƙwashe, sai dai an yi wa kwatar sabon sulab. Ta kwanta a katifarta tana jin ƙarar jarkoki a bayan bango, tana lissafin abin da ya jero musu ranar farko. Nesa, inuwa, dogon bututu, yashi, tukunya. Ko ɗaya ba a kiyaye ba. Doka ɗaya tak aka riƙe da gaske, ta hana wuta, don ita kaɗai ce ba ta taɓa jikin Manaja, jikinta take taɓawa. An ɗauke doka daga kan ƙarfe an ɗora wa tsohuwa, ta ɗauka har ta ƙone a ƙarƙashinta, kuma yanzu laifin ma nata ne.

Da la'asar tsakar gida ta cika da mata 'yan dubiya. Manaja ya ratsa su ya zo bakin ƙofarta, ya tsaya inda ya saba, hannu a jikin ƙyaure. Ya yi mata sannu, sannan ya sassauta murya. Ya ce mutanen bene sun kai ƙara, gobe masu kashe gobara za su zo bincike. Shi zai kwashe man kafin su iso ya cika tankin da ruwa. Abin da yake so, in sun tambaye ta, ta ce kananzir ne ta zuba wa gawayi ya fallatsar mata. Ya ce magana ce ta minti ɗaya, kuma rufin asirin gidan ne gaba ɗaya.

Ta ce ba ta jin sa daga can. Ta ce ya shigo ya zauna, ya ja ƙofa.

Tunda yau shi ke nema, ya shigo. Babu kujera, ya zauna a ƙasa kusa da katifa, ya jingina da bangon da tankin ke baya. Ya fara maimaita maganarsa. Bai kai tsakiya ba ya yi gyaran murya. Ya ci gaba, ya sake tsayawa. Gwaggo ta dai zuba masa ido, hannayenta a kan cinya. Ya shafa goshi. Idanunsa suka kaɗa suka yi ja, tari ya ƙwace masa. Ya dafa ƙasa zai miƙe.

"Ban sallame ka ba," in ji ta.

Ya koma ya zauna. Shi da ya yi shekaru a bakin famfon mai, ba ya bukatar a gaya masa abin da ke shiga ƙirjinsa, ko ta inda yake shigowa. Ya kalli gindin bango, inda damshin kwata ya ci siminti ya tsage. Ya kalli matashinta, wanda ke dab da tsagar. Ya kalli kusurwar da risho yake a da, da wayar da ya sa aka yanke tana lilo a saman ƙofa.

"A nan kike kwana," ya ce, kamar yau ya fara sani.

"A nan nake kwana. Gobe kuma in sun tambaye ni, abin da na gani zan faɗa. Ban iya wani ba."

Ya sunkuyar da kai. Can ya motsa leɓe, ya ce wani abu mai kama da ban haƙuri da bai wuce haƙoransa ba.

"Ranar da ka ce ba na jin magana, a tsakar gida ka faɗa," in ji Gwaggo. "Ina cikin bargo na ji ka. Har mutanen bene sun ji."

Ya ɗago kai. Sannan ya miƙe yana dafa bango, yadda take yi kowace safiya, ya buɗe ƙofa ya hau tsakar gida. Matan suka juyo suna kallonsa. Matarsa ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. Mahaifinsa ya rage muryar rediyo. A ƙofar baya masu babur na tsaye da jarkokinsu. Gwaggo ba ta ganin fuskarsa daga inda take, sai bayansa da ya tare hasken ƙofa, amma muryar ta iso mata a fili.

"Ku ji da kunnenku. Ba ita ba ce. Ni na lanƙwasa bututun, kuma na san abin da yake fitarwa. Ni na kai teburinta bakin kwata. Ta tambaye ni ko ta kashe wutar, na ce ta yi aikinta." Ya juyo ya fuskanci ɗakin, ya durƙusa a kan sabon sulab ɗin. "Gwaggo, na zalunce ki, na kuma yi miki ƙarya a gaban mutane. Ki yafe mini."